Gyaɗa Tara a Kan Benci

Maki 4 cikin 30 na samu a gwajin tsakiyar zango na kwas ɗin da ɗalibai ke kira Diskirit. A lokacin ina aji biyu a sashen ilimin kwamfuta, shekarata 28, kuma ba na jin a ajinmu akwai wanda ya kai ni daɗewa a gaban littafi. Da aka raba takardu na naɗe tawa na cusa a aljihu, ban buɗe ta ba sai da na shiga ɗaki na tura ƙofa. A shafi na biyu, gefen layi na uku na wata hujja da na rubuta tsaf babu gyara ko ɗaya, malamin ya sa jan biro ya yi mini tambaya: wannan layin daga ina ya fito?

Daga wani kundi ya fito. Wani ɗan aji huɗu ne ya ba ni aronsa, tambayoyin shekarun baya ne da amsoshinsu, na kai aka buga mini kwafi, na zauna na haddace hujjojin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Ranar gwaji na ga tambayar da ta yi kama da wata da na sani, na juye mata hujjar waccan. Kama ce kawai.

Ga wanda bai taɓa zama a ajin ba, Diskirit lissafi ne na abubuwan da ake ƙirgawa ɗai-ɗai, saɓanin waɗanda ake aunawa kamar ruwa ko gudun mota. A cikinsa ake koyon mantiƙi, da rukunan abubuwa da yadda suke shiga juna, da ƙirga hanyoyin da za a iya jera abu ko zaɓensa, da zanen ɗigo da layi wanda Euler ya faro a 1736 da matsalar gadoji bakwai na birnin Königsberg. An wajabta shi a kan ɗan kwamfuta domin na'urar ita kanta ba ta san komai ba sai a kunne da a kashe. Abin da ke kayar da mutane a cikinsa kuwa shi ne hujja. Sau da yawa amsar ana miƙa maka ita a hannu, sai a ce ka nuna cewa dole haka take, ba makawa.

Ni kuma hadda ce makamina tun ina yaro. Sai da na sauke Alƙur'ani na haddace shi kafin a sa ni boko, shi ya sa na girme wa 'yan ajinmu da shekara takwas, wasu tara. Da hadda na ci firamare, da ita na ci sakandare, da ita na wuce ajin farko na jami'a. Ban taɓa tunanin akwai ƙofar da ba ta buɗewa ba.

Saura mako uku jarrabawa, taimako iri biyu yana gabana. Abokin kwanana, ɗan garinmu, mutumin kirki wanda muke cin abinci kwano ɗaya, ya ce mini lambobinmu suna bin juna, don haka kusa za mu zauna, zai karkata takardarsa yadda zan gani. Ya faɗa da zuciya ɗaya, a wurinsa zumunci ne. Na biyun wani yaro ne ɗan shekara 19 a ajinmu, wanda ke tara mutane a barandar masallacin sashe bayan La'asar yana yi musu bita kyauta. Yaya yake ce mini, in mun haɗu yakan rusuna ya gaishe ni, kuma ni nake jan su sallah in liman ba ya nan. Sau biyu ina zuwa daf da barandar da littafina, in ga yara sun kewaye shi, in wuce kamar wani wuri za ni.

Sai na kama hanyar gida, cikin birnin Zariya, wurin Kawuna. Yana da zaure inda ya fi shekara talatin yana ba da karatu. Na same shi ranar Juma'a da yamma, ɗalibai ba sa zuwa, yana zaune a kan buzu yana ɗinke bangon wani littafi. Bayan gaisuwa na ce, "Kawu, addu'a na zo nema, da rubutu in da hali. Akwai jarrabawar da ta tsaya mini a wuya."

Ya ce addu'a kam zai yi, amma yana so ya ji wane irin karatu ne wannan da ya gagari mahaddaci. Na jawo wani tsohon ambulan, na zana masa teburin gaskiya a bayansa, domin shi ne abin da na fi iya nunawa. Na ce ana ɗaukar magana wadda ko dai gaskiya ce ko ƙarya, a haɗa ta da wata da "kuma" ko "ko" ko "idan", a jera duk halin da zai iya aukuwa, a duba. Wata maganar kowane layi ka bi gaskiya take fitowa, kamar ka ce ko ana ruwa ko ba a yi. Wata kowane layi ƙarya, kamar ka ce ana ruwa kuma ba a yi, a wuri ɗaya lokaci ɗaya. Wata kuma wani layin gaskiya wani ƙarya, sai ka leƙa waje za ka sani.

Kawu ya ajiye allurar. Ya ce, "Wajibi, mustahili, ja'izi. Ɗana, ai da wannan Shehu Sanusi ya buɗe Ummul Barahina. Ba a nan zauren na biya maka shi ba, kana ɗan shekara goma sha biyar?"

A nan ne. Ya ce in karanto masa farkon. Na karanto kamar ruwa, har da fassarar da yake yi mana. Ya gyaɗa kai, sannan ya ce in ba shi misalin mustahili guda ɗaya, nawa na kaina, wanda ban ji a bakinsa ba, ban gani a sharhi ba, ban kuma kwafo daga aji ba. Na yi shiru. Agogon bangon zauren yana ta bugawa. Shekara goma sha uku ina ɗauke da littafin a ka, amma ban iya fitar da misali ɗaya daga cikinsa ba.

Bai yi mini faɗa ba. Ya shiga ba ni labarin wata tsohuwar mas'ala, wadda malaman tauhidi ke kira imanin muƙallidi: mutumin da ya yarda da gaskiya don ya ji ta a bakin wanda ya amince da shi, ba tare da ya san dalilinta ba. Shin imaninsa ya inganta? Sanusi, mutumin Tilimsan a Aljeriya ta yau wanda ya rasu a 1490, yana cikin waɗanda suka tsananta a kan haka. A ƙasar nan ma an yi wasu masu karatun tauhidi da suka kai abin maƙura, suna tare talakawa suna yi musu tambayoyi, wanda ya kasa kawo dalili su ce ba Musulmi ba ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi tsaye a kansu, ya yi rubuce-rubuce yana kare imanin gama-garin mutane. Amma, in ji Kawu, maganar da malamai da yawa suka tsaya a kai ita ce: imanin mai koyi ya inganta, sai dai wanda Allah ya ba ikon ya duba dalili ya ƙi dubawa, wannan yana da laifin sakaci.

Tun daga ranar nake juya wannan magana, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami yau. Abin da na karɓa daga hannun wani, yaushe yake zama nawa?

Ba zan taɓa yarda a raina hadda ba. Akwai ilimin da hanyarsa ita ce karɓa. Alƙur'ani baki da baki ya iso gare mu, kuma wanda ya ce zai gano yawan raka'o'in Magariba da tunaninsa ya ɓata tun kafin ya fara. A rayuwar yau da kullum ma kusan duk abin da muke tafiya a kai amana ce. Ina shan maganin da ban san yadda aka haɗa shi ba, ina hawa gadar da ban ga lissafinta ba. Tsohuwar da ke sallarta ba ta san sunan Sanusi ba, babu abin da ya ragu daga addininta, kuma ina ganin Shehu ya yi gaskiya ya kuma yi tausayi da ya kare ta. Kuskurena shi ne na ɗauki ilimin da ake gani da idon hankali na riƙe shi irin riƙon ilimin da ake karɓa. Hujjar lissafi ba ta da isnadi. Ba ta ƙara ƙarfi don babban malami ne ya faɗe ta, ba ta raguwa don yaro ne. Ko dai ka ga yadda layi na uku ya fito daga na biyu, ko ba ka gani ba, kuma babu wanda zai gani a madadinka, kamar yadda babu wanda zai ƙoshi a madadinka. Ni kuma ba tsohuwar nan ba ne. Na zo jami'a ne takanas don in zama cikin masu sanin dalili, aka ba ni lokaci da malamai da lafiyar ƙwaƙwalwa. Uzurin da ya rufe ta bai kai kaina ba.

Ya kamata in faɗi cewa teburin gaskiya da hukuncin hankali na Sanusi ba abu ɗaya ba ne tsaf. Teburin, wanda tushensa ke komawa ga irin aikin da George Boole ya buga a 1854, siffar magana kawai yake dubawa, bai damu da abin da take magana a kai ba. Malaman tauhidi kuwa ainihin abubuwa suke bincike. Amma dangi ne, kuma dangantakar ta isa ta nuna mini cewa abin da nake wa kallon baƙo ya daɗe da zama a gidanmu. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi jayayya da Suyuɗi a kan halaccin karatun mantiƙi, shi yana karewa. Ahalari da kowane yaro ke fara fiƙihu da shi, marubucinsa shi ne ya tsara Sullamu a kan mantiƙi.

Da na gaya wa Kawu labarin yaron baranda da abin da ya hana ni zama, sai ya nuna mini littafin da yake ɗinkewa. Sullamun ne. Ya ce duk Alhamis yana ɗaukarsa zuwa wurin wani malami a wata unguwa, domin a zamanin karatunsa bai samu ya ƙware a fannin ba. "Malamin nan," in ji shi, "na ci naman sunansa. In na je ƙasa nake zama, shi yana kan buzu." Ya yi mini addu'a mai tsawo, ya shafa kaina. Rubutu kuwa ya ce in bari sai na dawo.

Ranar Litinin bayan La'asar na zauna a barandar. Yaron ya miƙe zai ba ni wurinsa, na ce ya zauna. Da mutane suka watse na ce masa hujja ce ba na ganewa, musamman wadda ake hawa kamar tsani, daga lamba zuwa ta gaba da ita. Na ce in na gwada abu da 1 da 2 da 3 har 10 ya yi daidai, me kuma ake nema?

Ya ce, "Yaya, ɗauki biro." Ya ba ni wata ƙa'ida da ake jingina wa Euler: ka ɗauki lamba, ka ninka ta da kanta, ka ƙara ta, ka ƙara 41. Ya ce in fara da 0. Na samu 41. Da 1, 43. Da 2, 47. Da 3, 53. Da 4, 61. Kowace lamba ce da ba ta rabuwa sai da kanta da ɗaya. Ya bar ni na yi ta yi har na kai 15, sannan ya tambaye ni ko zan iya rantsuwa haka za ta ci gaba har abada. Na ce alama ta nuna. Ya ce in tsallaka zuwa 40. Na buga: 1600, da 40, da 41, ya ba ni 1681. Ya ce in raba da 41. Ta rabu cif, 41 sau 41. Sau arba'in a jere, daga 0 zuwa 39, ƙa'idar tana cika alkawari, a na arba'in da ɗaya ta saɓa.

Tsigar jikina ta tashi, domin na san wannan ma daga zaure. Malaman tauhidi suna raba hukuncin al'ada da hukuncin hankali. Na al'ada shi ne abin da ka sani don ka ga yana maimaituwa, kuma yana iya saɓawa. Na hankali ba ya jiran maimaici. Gwajin da nake yi da 1 zuwa 10 al'ada ce. Malamin mai jan biro hankali yake nema.

Sai yaron ya kwance ƙullin gyaɗar da ya saya a bakin ƙofa, ya zube a kan benci. Ya ajiye ƙwaya ɗaya. Ya kewaye ta da uku, gefe ɗaya, sama ɗaya, kusurwa ɗaya, suka zama huɗu, biyu tsaye biyu kwance. Ya ƙara biyar, suka zama tara, uku da uku. Ya ɗaga hannunsa ya ce, "Yaya, kai za ka ci gaba. Nawa kake bukata ta zama huɗu da huɗu? Kada ka ƙirga, faɗa mini dalili."

Na daɗe ina kallon gyaɗa taran nan. Na ce uku a gefe, uku a sama, sai kusurwa ta rage babu kowa, ɗaya. Bakwai. Ya ce in da ɗari da ɗari ce fa? Na ce ɗari a gefe, ɗari a sama, ɗaya a kusurwa, 201. Ya ce in da wata lamba ce da ban san ta ba? Na ce ninkinta biyu da ɗaya. Ina rufe baki na ga abin. Kowane murabba'i, komai girmansa, abin da zai kai shi na gaba shi ne mara ta gaba a jerin 1, 3, 5, 7. Matakin farko yana nan, ƙwaya ɗaya. Hanyar hawa daga kowane mataki zuwa na samansa ita ma tana nan, kuma ba ta dogara da wane mataki kake ba. To babu inda tsanin zai yanke. Wannan hujjar tana cikin kundin da na haddace, da alamominta da komai, na iya rubuta ta ido rufe. Ranar nan ne na fara ganinta.

Kwana goma sha takwas muka yi a haka. Abin da na lura da shi game da yaron shi ne bai taɓa riƙe biro ba in muna tare. In na ce ya nuna mini, sai ya mayar mini da tambaya. Wata rana raina ya ɓaci, na ce lokaci yana ƙurewa, ya rubuta mini kawai in tafi da shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yi haƙuri Yaya, in na rubuta nawa ne." Akwai layin teburin "idan" da ya daɗe yana damuna, inda sharaɗi bai auku ba amma a ce maganar gaskiya ce. Wannan ni na warware shi da kaina, da dare, daga abin da na sani na alkawari: uban da ya ce wa ɗansa in ka ci jarrabawa zan saya maka keke, ba a cewa ya saɓa sai yaron ya ci kuma keke bai zo ba. In yaron ya faɗi, ko an saya ko ba a saya ba, maganar uban tana nan lafiya. Da safe na kai masa, ya ce shi ma da wannan misalin zai riƙa koyarwa.

Abokin kwanana na ba shi haƙuri, na yi masa godiya, kuma har yau muna tare. Ba na zarginsa da mugunta. Amma na gane abin da ya yi mini tayi shi ne ya mayar da ni muƙallidi a wurin da aka tara mu musamman don a tantance wa ya gani. Takardar jarrabawa shaida ce. In na sa lambata a samanta ina cewa ne abin da ke ƙasa na gan shi da kaina. Bayanta akwai babbar takardar da jami'a za ta buga wa hatimi, wadda wani zai duba ya damƙa mini lissafin albashin mutane ko bayanan marasa lafiya, yana mai dogara da ni kamar yadda nake dogara da mai haɗa magani. Amanar da duniya ke tafiya a kanta tana tsayuwa ne don a ƙarshen kowace igiya akwai wanda ya san dalili da gaske. In wanda aka ajiye a wurin shi ma aro ya yi, ba a jingina da komai ba. Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara, kuma a nan ba katarar mai aron kaɗai ke buɗewa ba.

Yanzu ƙannena suna ɗaukar hoton tambaya da waya, na'ura ta zubo musu hujja cikin daƙiƙa, a tsare, sau da yawa daidai. Ba na hana su. Abin da nake yi shi ne in karɓi wayar in kife ta, in sa yatsa a layi na uku na abin da suka kwafa, in tambaye su daga ina ya fito.

Na ci jarrabawar da maki 58. Tambaya ɗaya a kan ƙirga na bar ta babu komai, domin ban gan ta ba, kuma ban rubuta abin da ban gani ba.

Da aka yi hutu na koma Zariya da ƙullin gyaɗa a aljihu. Na zube ta a kan buzun Kawu, na jera masa ɗaya, da uku, da biyar. Ya sa tabarau ya matso. Ya hana ni sa ta bakwai, ya jera da hannunsa, ya ƙara ta tara, yana motsa baki. Ya daɗe shiru, sannan ya share su gefe ya ce, "To wannan mara ce. In cika ce fa, biyu da huɗu da shida?" Na buɗe baki zan faɗa, ya ɗaga mini hannu. Ya ajiye ƙwaya biyu a kwance, ya kewaye su da huɗu, ya tsaya yana kallon layi biyu masu uku-uku. Ya ɗebi shida a tafinsa. Ladan ya fara kiran Magariba yana kan neman inda zai sa ta kusurwa.